Sau ɗaya ne kawai, Yaya

Wani saurayi ɗan unguwarmu ta Birni ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ja ni gefe. "Yaya, sau ɗaya ne kawai, shekaranjiya, ba kwandom. Yau na ji an ce yarinyar tana da ƙurajen nan. Na ɗauka ke nan?" Na daɗe ina aikin jinya a Damagaram, kuma tambayar nan kullum da dare take zuwa.

Harpis yake nufi, ƙurajen ruwa masu fitowa a al'aura, su fashe su zama gyambo mai raɗaɗi. Saduwa ɗaya tana iya sa a ɗauka, amma galibi ana tsira. Hatsarin ya fi yawa idan ƙurajen suna fili a ranar, kuma mace ta fi namiji saurin ɗauka. Kwandom na ragewa sosai, sai dai cuta ce ta gogar fata da fata, inda roba ba ta rufe ba tana iya bi. Da yawa masu ita ba su ma san suna da ita ba, don haka na hana shi zagin yarinyar.

Abin da na fara lissafa masa shi ne awoyi, kuma saboda Sida, wato cutar ƙanjamau, na yi haka. Akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 bayan saduwa, in lokacin ya wuce ba ya aiki. Na ce, "Ƙanena, da asuba ka tafi asibiti, kada ka jira rana ta yi." Harpis ba ta da irin wannan magani, ita sai sa ido.

In za ta fito, tsakanin kwana 2 zuwa 12 take fitowa. Wurin yakan fara ƙaiƙayi ko tsira kamar allura, sai ƙananan ƙuraje, wani lokaci da zafin fitsari, zazzaɓi da kaluluwa. Ka gan su, ka nuna wa likita ranar ko washegari, tun ba su bushe ba, domin a ɗanyensu ake gane su, daga ruwansu kuma ake ɗaukar gwaji. Maganin asiklobir yana rage kwanakin ciwon in an fara da wuri. Ba ya fitar da ƙwayar cutar, tana lafewa a jijiya ta riƙa dawowa, amma fitowar farko ce ta fi tsanani.

Gwajin jini washegari asarar kuɗi ne. Jiki yakan ɗauki har mako 12 kafin alamar ta bayyana a jini. Kafson masu yawo da magani a tire kuwa ba ya taɓa wannan ƙwayar cuta ko kaɗan. Masu goga toka ko lemon tsami, na sha wanke gyambon da suka ƙara wa kansu.

Har ya juya sai ya ce aurensa bayan Sallah ne. Nan na zaunar da shi. Macen da ta fara kamuwa a watannin ƙarshe na ciki tana iya sa wa jariri wajen haihuwa, kuma ga jariri cutar tana kisa. Na ce in ƙuraje sun fito, amarya da ungozoma duk sai sun sani. Ya yi shiru, ya ce zai dawo ranar Laraba in duba shi.