Yadda Ake Auna Kalaman Shugabanni Kan Baƙin Haure

Duk lokacin da wani shugaba ya ɗora matsalolin ƙasarsa a kan baƙi, abin da ya kamata ka fara saurara shi ne sunan da ya kira su da shi. Ɗan gudun hijira da ya tsere wa yaƙi ko tsangwama daban yake da ɗan ci-rani da ya fita neman abin sawa a bakin salati, kuma dukansu ba ɗaya suke da mai safarar mutane ba. Da zarar an yi musu kuɗin goro an ce duk baƙin haure ne, to an share fagen tauye haƙƙin da doka ta ba kowannensu.

Daga nan sai ka nemi adadi. A ranar 21 ga Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya, Kais Saied, ya ce shigowar mutanen kudu da Sahara maƙarƙashiya ce ta sauya tsarin al'ummar ƙasar, alhali alƙaluman lokacin sun nuna ba su wuce kimanin 21,000 ba a ƙasa mai mutum miliyan 12. Cikin 'yan kwanaki masu gidajen haya suka fara watso kayan baƙi waje, aka sallami leburori daga wuraren gini, ɗalibai masu cikakkun takardu suka kulle kansu a ɗaki don tsoro, har sai da Gini da Mali da Kwaddibuwa suka aika jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu.

Ka kuma duba halin da kasuwa take ciki sa'ad da aka yi maganar. A lokacin, sukari da madara sun yi wuyar samu a kantunan Tunisiya. Mu ma a Najeriya ba mu tsira daga wannan hali ba, domin a Janairun 1983, farashin mai ya faɗi ga kuma zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ciki har da 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka gwada aikin hukuma da dokar da ta sa wa hannu. Sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa take cikin haɗari, sashe na 12 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 kuma ya haramta korar baƙi a dunƙule. Duk da haka, a Yulin 2023 an kwashi ɗaruruwan mutane daga birnin Sfax na Tunisiya aka zube su a hamada kan iyakokin Libiya da Aljeriya cikin tsananin zafi, wasu ƙishirwa ta kashe su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wannan watan na Yulin ne Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Tunisiya, da alkawarin yuro miliyan 105 don tsare iyaka.

Idan kana da ɗan'uwa a irin waɗannan ƙasashe, ka sa ya ɗauki hoton fasfonsa da takardar zamansa ya turo gida, in mai neman mafaka ne ya yi rajista da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, in kuma an kama shi, ku rubuta rana da wurin da abin ya faru kafin ku sanar da ofishin jakadancin ƙasarku.