Haɗa ban ruwan ɗigo mai kunna kansa a rumfar leda

Da farko, ɗora tanki a kan dakali mai tsayin mita 2. A inda ruwa ke fita daga tankin sa matacin ruwa. Kada ka tsallake wannan, yashin rijiya kaɗai ya isa ya toshe ramukan tiyo.

Bayan matacin ɗaura agogon ruwa mai batir, wato na'urar da ke buɗe ruwa ta rufe a lokacin da ka saita. Nemi wanda ke aiki ba da matsin famfo ba, don ruwan tanki ba shi da ƙarfi.

Haɗa tiyo mai ƙananan ramuka da agogon, ka shimfiɗa shi a kunyar latas ko alayyafo, ramuka suna kallon sama, ka toshe ƙarshensa.

Saita agogo asuba da la'asar. A zafin Afrilu na garin Marwa a Kamaru, tura yatsa cikin ƙasa. In ta bushe, ƙara mintuna. Duk mako wanke matacin.