Yadda nake haɗa ruwan 'ya'yan darbejiya don feshin wake

A ƙauyenmu, can ƙasar Ringim, da wuya ka ga ƙofar gidan da babu darbejiya, amma sai da furfura ta fara fito mini kafin na san 'ya'yan da muke sharewa muna ƙonawa maganin ƙwarin wake ne. Wani malamin gona ya nuna mini, a daminar da kuɗin maganin kwalba ya gagare ni.

Waɗanda suka nuna suka yi rawaya ake tsinta. Jemagu ma sun rage mana aiki, su shanye naman su yar da ƙwallon a gindin bishiya, ni kuma in tura yara da sassafe. A wanke, a shanya a inuwa har su bushe ƙayau, a zuba a buhun algarara. Kada ka kuskura ka ƙulle su a leda, fumfuna za su yi, kuma duk wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi. Wanda ya haura shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu.

Ana gobe feshi sai a daka sama-sama ɓawon ya fashe, a sheƙe, sannan a kirɓa ƙwayar ta yi laushi. Ka nemi tsohon turmi naka na kanka. Ni na ari na uwargida sau ɗaya, kwana uku ana shan fura mai ɗaci, har yau ba a daina yi mini gori ba.

Awon shi ne rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a ruwa lita 10. Tankin goyona lita 16 yake ci, don haka giram 800 nake sawa. Ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ka ga gwangwani nawa ya ba ka, shi ke nan ka huta. A jiƙa a bokiti, a rufe ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu, in ba haka ba bakin fanfon zai toshe kana tsakiyar gona. A narka ɗan sabulu kamar girman goro a zuba, shi ke sa ruwan ya kama ganye.

A nan mutane ke karaya. Wanda ya saba da maganin kwalba yana so ya fesa ya ga ƙwaro ya faɗo nan take, darbejiya kuwa ba haka take aiki ba. Sinadarin da ke cikin ƙwayar, azadiraktin, hana ƙwaro ci yake yi, ya hana tsutsa saɓa ta girma, sai bayan kwana biyu ko uku ka lura ɓarnar ta tsaya. Shi ya sa ba na jira sai gona ta kamu. Da wake ya fara ɗaure fure nake farawa, in maimaita duk kwana 7, in an yi ruwa mai ƙarfi in sake. Da la'asar sakaliya nake fesawa, don rana na kashe ƙarfinsa, ƙudan zuma kuma sun rage zirga-zirga. A juya bakin fanfon ƙarƙashin ganye, nan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ke maƙalewa. Abin da aka haɗa a ƙarar da shi ranar.

Ba zan rufe ka ba, darɓa da tsutsa tun tana ƙarama yana maganinsu, amma wadda ta riga ta shige kwanso ta tsira, kuma ƙwaron da ke tsotse kwanso bai cika jin sa ba. Bana na shuka irin wake SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samarun Zariya ta fitar a 2019 don jure wa tsutsar kwanso, sai darbejiyar ta ji da darɓa. Tukar da ta rage a ƙyallen kuwa gindin tumatirin bayan gida nake kai ta, taki ce.