Darasi na 9: Jini a Kan Asuwaki

Da asuba mutum ya goge baki, ya tofar, sai ya ga ja-ja a cikin yawun. Da yawanmu cewa muke asuwakin ne ya yi tauri, sai mu daina taɓa wurin. Ina roƙonku, kada ku daina. Wurin da ke jinin nan shi ya fi bukatar gugar.

Gobe kafin ku wanke baki, ku sa farce ku kankaro gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Za ku ga wani farin abu mai yauƙi. Akasarinsa ƙwayoyin cuta ne da suka yi sansani a wurin.

Jiki ba ya zuba musu ido. Yana haɗa wani sinadarin kariya, wanda likitoci ke kira antibodi. Kowace ƙwayar cuta da irin nata, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Akwai wanda ke cikin yawu, ana ce masa IgA, aikinsa hana ƙwayoyin cuta mannewa a baki. Akwai IgG, wanda ke cikin jini, yana tsattsafowa ta ɗan tsagin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Idan ya kama ƙwayar cuta sai ya sa mata alama, fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye ta. Don sojojin nan su samu hanya, jijiyoyin jini na buɗewa. Shi ya sa dasashi ke kumbura, ya yi ja, ana taɓa shi sai jini.

To amma sojojin jiki ba sa iya ɗauke dauɗar da ta manne. Muddin tana nan, faɗa ba ya ƙarewa. In aka shekara da shekaru a haka, makaman jikin kansu sukan cinye zaren da ke ɗaure da haƙori da ƙashin da yake tsaye a kai. Dasashi ya janye, baki ya yi wari, haƙori ya fara girgiɗi. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum fiye da biliyan 1 ne ke fama da matsanancin ciwon dasashi.

A 1965, a ƙasar Denmak, likita Harald Löe ya sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke.

Saboda haka a goge baki safe da dare, da buroshi mai laushi ko asuwaki mai sabon kai, a bi gindin kowane haƙori a hankali. Dauɗar da ta riga ta daskare ta zama kamar dutse, sai likitan haƙori ya kankare ta. In jini bai tsaya ba bayan mako 2, a je asibiti. Mai ciwon suga da mai juna biyu su ƙara kula. Mai shan taba kuma kada rashin jini ya ruɗe shi, hayaƙin yakan ɓoye alamar alhali ciwon na ci ta ciki.

Aiki: Ku rubuta kalmomin nan sau 3: dasashi, yawu, kariya. Sannan kowa ya gaya wa na kusa da shi, da bakinsa, abin da ke sa dasashi jini.