Yadda ake haɗa koren ruwa don ciyar da 'ya'yan tarwaɗa

Ɗan tarwaɗa kan cinye kwanduwar da ke cikinsa a kwana 3 bayan ƙyanƙyashewa. Daga nan sai ya nemi abinci mai rai, mai motsi, daidai bakinsa. A teku haka abin yake: a arewacin Atlantika, wajen Afrilu da Mayu, gansakukar da ido ba ya gani takan yi ambaliya, ƙananan ƙwarin ruwa su hau sama da dare su tace ta su ci, 'ya'yan kifi kuma su ci ƙwarin. Wannan tsarin ne mai kiwon kifi a Damagaram ko Mirriya zai kafa a raminsa.

A cika ramin da ruwa zuwa santimita 60, ana tace shi da gidan sauro don kada ƙwan kwaɗo da tsutsar mazari su shiga, su ne masu cinye 'ya'yan kifi. A zuba busasshen kashin kaji kilo 2 zuwa 3 a buhu ga kowane murabba'in mita 100, a ɗaure, a rataye cikin ruwa. Kada a watsa shi, don in ya kwanta ƙasa ruɓewa yake ya shanye iskar ruwan.

Cikin kwana 3 zuwa 5 ruwa zai yi kore. Amma kore kaɗai ba abinci ba ne, a nan da yawa ke gaggawa. Sai wajen kwana 7 ƙwarin ke yawa. A ɗebi ruwa a farar kwalba da dare, a haska tocila: in an ga ɗigo-ɗigo suna zillo, lokacin sakin 'ya'yan kifi ya yi. In an wuce mako 2, ƙwarin sun cinye gansakukar, ruwa ya washe, masu farauta sun yi yawa.

Awon taki da hannu ake yi. A tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu; in tafin ya ɓace daidai nan, ya isa. In ya ɓace tun rabin hanya, a cire buhun a ƙara sabon ruwa, domin gansakuka na shan iska da dare, da asuba kifi su taso suna haki. Kumfa mai kauri shuɗi-shuɗi a sama kuwa a kwashe shi, ƙwarin ba sa cin sa sosai, wani ma da guba. Da hunturu, sanyi da hazo na jinkirta komai, sai a ƙara kwanaki kafin saki.