Yadda ake zana tagar bayanai mai karɓar gyara

Taga ita ce fuska ɗaya da ake haɗawa daga rumbunan bayanai biyu, mai amfani ya gani, ya kuma gyara.

Da farko ka zana kowane aji, wato rukunin abubuwa iri ɗaya da ake adana bayanansu, cikin akwati, irin na UML (tsarin zane da masu haɗa manhaja ke amfani da shi): sunan ajin a sama, siffofi, wato bayanan da yake ɗauke da su kamar suna da lamba, a ƙasa. A ce rumbu ɗaya na da Ma'aikaci, ɗayan na da Albashi. Sai ka zana akwati na uku don tagar, ka ja kibiya daga kowace siffa zuwa asalinta. Ka haɗa azuzuwan biyu da lambar ma'aikaci, ba da suna ba, domin sunan mutum biyu yakan zo ɗaya.

Kada ka yi gaggawa a mataki na gaba. Kusa da kowace kibiya ka rubuta abin da zai faru in an canza, an ƙara ko an goge. In an goge ma'aikaci a taga, bayanin albashinsa ma zai tafi? Ka yanke tun a takarda. Siffar da lissafi ya haifar, kamar jimillar albashin sashe, ka bar ta a karatu kawai. In an canza jimilla, albashin wa za a taɓa?

Daga ƙarshe ka gyara bayanin mutum ɗaya, ka leƙa rumbunan biyu ka ga ko gyaran ya isa.