Yadda Za Ka Kalli Allon Chess Ka Faɗi Halin Da Wasa Yake Ciki

Duk wanda nake koya wa chess, ba na barinsa ya taɓa ko da soja ɗaya sai ya gaya mini da bakinsa abin da yake gani a allo. Ƙirga abin da aka ci bai isa ba.

Ka fara da sojoji, wato ƙananan 'ya'yan wasan da ke jere a gaba (pawn). In na tsakiya sun cinye juna har layuka suka buɗe, 'yan wasa kan ce fili a buɗe yake, kuma nan ne bishop (mai tafiya a karkace) da ruk (mai tafiya a miƙe) ke cin karensu babu babbaka, domin tafiyarsu mai nisa ce. In kuwa sojojin sun cije, misali farare a d4 da e5, baƙaƙe a d5 da e6 (sunayen gidajen allo ne: harafi na nuna layi, lamba na nuna jere), fili a rufe yake. Doki ya fi daraja a nan, tunda shi kaɗai ke tsallake kan kowa. Duba bishop ɗin baƙi da ke c8 a wannan tsari: sojojinsa biyu suna kan gidaje masu launi irin nasa, sun toshe masa hanya. Shi ake kira mummunan bishop. A lissafi makinsa 3 ne kamar doki, amma a aikace ɗan kallo ne.

Sojan da ba shi da ɗan'uwa a layin dama ko hagu maraya ne, sai manya sun tsare shi. Wanda babu sojan abokin gaba a gabansa ko a layukan gefensa kuwa ya wuce, ka tura shi har ƙarshen allo ya zama sarauniya. Akwai kuma zugzwang, kalmar Jamusanci: juyinka ne, amma duk abin da ka motsa cutar da kai zai yi.

Sannan salo. Mai kai hari irin Mikhail Tal, zakaran duniya a 1960, yakan sadaukar da doki don ya tone gidan sarki. Tigran Petrosian, wanda ya riƙe kambun daga 1963 zuwa 1969, yakan toshe shirin abokin karawa tun bai fara ba. Ni Petrosian ya fi burge ni, ko da yake matasa sun fi son Tal.

In ka gama wasa, ka sake jera shi zuwa motsi na 15, ka tsaya ka faɗa: a buɗe ne ko a rufe, bishop ɗin wa ya fi kyau, ina maraya yake.